Gari Ya Iso Bakin Gona

Duk mutumin da ya yi shekara goma sha biyar rabonsa da Dutsin-Ma, in ya sauka tasha yau sai ya nemi ɗan jagora. Inda ya san gonakin dawa da gero, yanzu bulo ne a jere, da gidajen haya, da shaguna, da gidajen mai. Inda ba a yi gini ba tukuna, an kafa duwatsun siminti a kusurwa huɗu, alamar an yanka fuloti, mai shi yana jiran kuɗin gini. Ta hanyar Katsina haka ne, ta hanyar Ƙanƙara haka ne, ta hanyar Kankiya ma haka. Mutanen gari suna murna, suna cewa gari ya ci gaba, kuma da gaskiyarsu. Amma akwai wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya shiga murnar, watau manomin da garin ya iso bakin gonarsa.

Dalilin wannan girma ba ɓoyayye ba ne. Tun 1976 Dutsin-Ma ta zama hedkwatar ƙaramar hukuma, ma'aikata suka fara zama. A 1987 aka fid da Jihar Katsina daga ta Kaduna, ofisoshi suka ƙaru. Ga Kwalejin Horon Malamai ta Isa Kaita da ɗalibanta. Sa'an nan a 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a garin, sai ga malamai da ma'aikata da dubban ɗalibai daga ko wane sashe na Nijeriya, ko wannensu yana neman ɗakin kwana. Bayan waɗannan kuma akwai baƙin da ba da son ransu suka zo ba, watau mutanen ƙauyuka na wajen Safana da Ɗanmusa da Batsari, har da na cikin ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi, waɗanda ɓarayin daji suka tasa daga gidajensu.

Kurfi kuwa tana zaune a kan hanya tsakanin baki biyu. Daga kudu Dutsin-Ma tana miƙowa. Daga arewa birnin Katsina ya riga ya haɗe da Batagarawa, inda manyan makarantu suka jeru a kan wannan hanyar, har da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Saboda haka abin da ya sami manomin gefen Dutsin-Ma jiya, shi ne zai sami na bakin titin Kurfi gobe. Gara ya ji labari tun dillali bai yi masa sallama ba.

LISSAFIN MAI SAYARWA

Yadda cinikin kan tafi kusan ɗaya ne a ko ina. Dillali ya zo da mai kuɗi, a zaga gona, a ambaci kuɗin da manomi bai taɓa riƙe irinsa ba tun da aka haife shi. Ya kwana bai yi barci ba, yana auna wannan kuɗi da damin geron da gonar ta saba ba shi. Gari ya waye ya sallama. Shi kuwa mai saye ba noma ya kawo shi ba. Eka ɗaya takan fid da wajen fuloti 8 masu ƙafa 50 da 100, in ba a cire wurin hanya ba. Sau da yawa kafin ya gama sayar da rabinsu ya mai da uwar kuɗinsa, sauran kuwa ya bar su suna tsada da kansu.

To, ina kuɗin manomi ya tafi? Mai karatu ya duba unguwarsu ya ba kansa amsa. Wani ya sayi babur ya ba ɗansa ya yi acaɓa. Wani ya ƙara aure. Wani ya rushe ɗakin ƙasa ya yi na siminti. Wani ya buɗe ɗan shago alhali bai taɓa tsayawa bayan teburi ba, dangi suka cinye jarin da bashi. Babu haram cikin waɗannan, amma a lura da abu guda: babur yana tsufa, yana cin mai, yana cin kuɗin gyara, ɓarawo kuma yana sonsa. A 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta ɗauki matakan tsaro, har aka taƙaita zirga-zirgar babura, aka hana sayar da fetur a jarka, aka katse waya a ƙananan hukumomi 13 da suka haɗa da Dutsin-Ma da Kurfi, masu acaɓa sun ji a jikinsu. Gona kuwa ba wanda ya taɓa turo ta ya gudu da ita.

Wanda ya ce shi ajiye kuɗin zai yi, shi ma bai tsira ba. A tsakiyar 2023 dalar Amurka ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Kwanon rufi, da takin zamani, da injin ban ruwa, da babur ɗin kansa, duk dala suke bi. Watau mutumin da ya sayar da gonarsa a farkon 2023 ya kai kuɗin banki, bayan shekara guda abin da kuɗin zai saya masa na irin waɗannan kaya ya ragu ƙwarai, ita kuwa gonar da ya sayar sai ƙara daraja take yi a hannun wani. Kuɗi narkewa yake yi kamar gishiri cikin ruwa, ƙasa tana nan inda Allah Ya ajiye ta.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Hotoro da Sharaɗa da Na'ibawa da Rijiyar Zaki, a Kano, duk gonaki ne da ƙauyuka a da. Yau unguwanni ne na birni, fuloti a cikinsu sai mai hannu da shuni. A tambayi dattawan can su nawa ne cikin jikokin masu gonakin suke da gida a wurin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

ABIN DA GARI KE CI

Abin da manomi ya kasa gani shi ne, garin da ya zo yana neman gonarsa ya zo masa da wani abu da ya fi kuɗin fuloti daɗewa, watau ciki. Malamin jami'a ba ya noma. Ɗalibi ba ya da rumbu. Akawu da ɗan sanda da ma'aikacin asibiti, kullum sai sun kai hannu aljihu kafin a ɗora tukunya. Mai shayi yana fasa ƙwai safe da yamma. Mai abincin sayarwa tana bukatar tumatir da attaruhu da albasa ko wace rana. Masu tsire da balangu suna neman dabba, masu gasa kaji suna neman kaji. A da, manomin Karofi ko na Dabawa in ya noma kayan lambu sai ya yi tunanin kuɗin mota zuwa Katsina ko Kano, kaya su lalace a hanya. Yanzu mai saye ya zo har ƙofar gida. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Amma duk wanda ya zaga kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, ko ya tsaya wurin masu kayan miya a ranakun da ba na kasuwa ba, ya tambayi daga ina kayan suka fito, zai ji sunayen wurare masu nisa fiye da yadda ya zata, musamman da damina. Ƙwai da kajin gidan gona da yawa a mota ake kawo su. Kuɗin da albashi ke zubawa a garin ƙarshen ko wane wata yana shiga ta ƙofa yana fita ta taga, manomin da ke maƙwabtaka da garin yana kallo, domin har yanzu gero da dawa kaɗai yake shukawa a gonar da ta cancanci abin da ya fi su.

Ba a ce a bar noman hatsi ba. Gidan da ba rumbu ba shi da kwanciyar rai. Amma gonar da ke kusa da gari aikinta dabam ne da ta nesa. Hatsi yana jure tafiya, yana jure ajiya, don haka ana iya noma shi a gona mai nisa. Alayyafo da latas da ɗanyen zogale ba sa jure tafiya, saboda haka na kusa shi ke da kasuwarsu. Alayyafo cikin mako uku zuwa huɗu ya isa yanka. Latas wajen mako shida. Zogale in aka dasa shi a gefen gona ya zama shinge, ana yankan ganyensa shekara da shekaru. Kazar ƙwai takan fara ƙwai tana da wajen wata biyar, kashinta kuwa taki ne mai ƙarfi da zai koma lambun. Rabin eka da rijiya da shinge, a hannun mutum mai himma da 'ya'yansa, tana iya kawo kuɗin cefane ko wane mako, ba sau ɗaya a shekara ba.

Har sharar gari ma dukiya ce. Manoman kewayen Kano sun daɗe da sanin haka, tun zamanin da ake fita da taki daga birni a kan jakuna, a dawo da itace da kara. Wannan ne ya sa gonakinsu suke ba da amfani ko wace shekara ba a bar su sun huta ba. Juji na yau ya bambanta da na da, domin leda da kwalba da batir sun cika shi, sai an tsince su kafin a watsa. Duk da haka toka da kashin dabbobi da ɓawon kayan miya da ke fita daga gidajen Dutsin-Ma ko wace safiya sun isa su rage wa manomi buhun takin zamani, wanda tsadarsa ta sa da yawa suka bar noman masara.

Sai dai akwai gargaɗi. Kasuwar ɗalibai kasuwar baƙi ce, tana ci tana tashi. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Masu gidajen haya da masu abinci da masu shaguna na Dutsin-Ma ba su manta da wannan shekara ba. Ko ba yajin aiki ma, akwai hutu. Saboda haka mai lambu ya san lokacin da makaranta ke buɗe kafin ya yi shuka, kada kuma ya jingina da kaya iri ɗaya. Tsutsar tumatir da ta yi ɓarna a Kano da Kaduna da Katsina a 2016 ta koya wa masu tumatir zalla darasi. In kaya suka yi yawa kasuwa ta faɗi, a yanka a shanya a kan tabarma ko dandamali mai tsabta, ba a kan ƙasa ko bakin kwalta ba. Kauɗar da ba ta da yashi tana da masu nemanta da damina.

RUWAN ZOBE

Duk wannan magana ta lambu tana tsaye ne a kan ruwa, kuma a nan ne abin ya fi ban takaici. Kusa da Dutsin-Ma akwai madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa, wadda aka gama gininta a 1983, a hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An tsara ta domin ruwan sha, da kuma ban ruwa na wajen hekta 8,000, watau kusan eka 20,000. Shekara 38 bayan gama ta, a Yulin 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe aikin ruwan shan. Na ban ruwa kuwa bai kai inda aka tsara ba. Manoman wajen Makera da na bakin ruwan suna ta ƙoƙarinsu, masunta suna fid da kifi, amma abin da ake morewa kaɗan ne in aka gwada da yawan ruwan da ke kwance yana tashi sama da zafin rana.

Mafi yawan masu noman rani da injin fetur suke ja. Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, lita da ke ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka. Manomi da yawa sun rage fili, wasu sun bari. Injin da ke aiki da hasken rana ya shigo, ba ya shan mai, amma kuɗin sayensa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A nan ne ƙungiya take da amfani. Mutum biyar ko goma masu maƙwabtaka a fadama in suka haɗa kuɗi suka sayi ɗaya, suka raba kwanakin ban ruwa, suka sa dattijo guda ya riƙe lissafi, sun fi wanda ke jiran a raba masa kyauta ranar siyasa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Amma babbar hanyar ruwa ba aikin talaka ba ce. Wannan wuyan gwamnati take, kuma ya kamata wakilan jama'a na wannan yanki su riƙa tambayarta a majalisa ko wace shekara da aka kawo kasafin kuɗi, har a gaji da su.

MAI CEWA BA HAKA BA

Wani zai ce, mai wannan magana bai san halin da ake ciki ba. Akwai wanda ya sayar da gona domin a karɓo ɗansa daga hannun ɓarayi. Akwai wanda ciwo ya kwantar da matarsa, asibiti ya yanka masa kuɗi. Akwai wanda gidaje suka kewaye gonarsa ta ko ina, awakin unguwa suna ci, yara suna karya, an mai da gefenta juji. Akwai kuma magada goma a kan eka biyu, in an raba ko wanne bai sami abin da zai juya garma ba. Wannan duka gaskiya ne, kuma ba mai hankalin da zai zargi wanda wuya ta kai shi bango. Rai ya fi gona.

Amma ko sayarwar ma akwai ta dabara. Na farko, in rabi zai biya bukata, kada a sayar da duka, kuma a riƙe wajen da ya fi kusa da hanya ko ruwa. Na biyu, a gwada haya ko jingina tukuna, a rubuce, da shaidu, da ranar ƙarewa. Na uku, in gari ya riga ya cinye gonar, to, kuɗinta ya koma ƙasa: a sayi wata a inda ake iya zuwa lafiya, kafin a taɓa ko sisi don wani abu. Na huɗu, kada a yi ciniki da dillali ɗaya a zaure da dare. A bari maganar ta fita, masu so su taya, a kuma tambayi nawa aka sayar da fuloti a maƙwabta, domin da wannan ake auna gona, ba da damin gero ba.

Gonar gado kuwa sai an yi hattara ƙwarai. Yawancin ƙararrakin gona da ke gaban alƙalai daga nan suke tasowa: babban wa ya sayar, ƙannensa mata suna gidajen aure ba su sani ba, marayu ba su balaga ba. Shari'a ta ba 'ya mace rabonta, ta ba matar mamaci nata, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ke da tarayya a gonar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, watau shi ya fi cancanta ya saye rabon ɗan'uwansa kafin bare. Mai saye ma ya kiyaye. Fulotin da aka saya a hannun magaji ɗaya ba da yardar sauran ba, ƙara aka saya.

Akwai kuma maganar takarda. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar ko wace jiha a hannun Gwamna bisa amana. A cikin gari shi ke ba da takardar mallaka, a karkara kuwa ƙaramar hukuma ce. In gwamnati ta karɓi wuri domin aikin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar gini da amfanin gona da itatuwa. Saboda haka manomin da ke bakin gari ya nemi takardar gonarsa tun ba a zo da igiyar awo ba, a san iyakarta a gaban mai unguwa da dagaci. Ya kuma dasa mangwaro da gwaiba da lemo, ya haƙa rijiya. In gonar ta zauna a hannunsa ya ci amfaninsu, in kuwa an karɓa, yana da abin da za a ƙirga.

GA HUKUMA DA MASU SAYE

Ba manomi kaɗai ke da aiki ba. Ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, da ofishin ƙasa na jiha, da iyayen ƙasa, watau 'Yanɗakan Katsina da Maraɗin Katsina da dagatansu, su ne za su iya cewa nan a yi gini, nan kuwa a bar shi. Tudu mai tsakuwa ba ya rasa wurin gida. Amma fadama in aka zuba mata siminti ta tafi har abada, gidan da aka gina a cikinta kuma shi ruwa zai fara ci da damina. Haka nan burtali da mashaya. Kowa a wannan yanki ya ga abin da toshe hanyar shanu ya taimaka wajen haifarwa, ba sai an faɗa masa ba. Kurfi tana da sauran dama, domin yawancin ƙasarta, daga Birchi zuwa Wurma da Tsauri da Rawayau, har yanzu gonaki ne. A shata tun yanzu ya fi a zo ana rushe-rushe daga baya.

Su kuma 'yan kasuwa da ma'aikata masu sayen fuloti su ajiye, ba laifi ba ne mutum ya tanadi wurin da zai sa kansa in ya bar aiki. Amma fili nawa ne a gefen Dutsin-Ma da aka kewaye shekara biyar, shekara goma, ba gini ba shuka, sai ciyawa da macizai, alhali ga 'yan gudun hijira a cikin gari, manoma ne tun kakanninsu, ba su da inda za su sa fartanya? A ba su aro su shuka wake ko gyaɗa ko kuɓewa, a rubuta cewa aro ne. Mai fili ya sami mai tsaron iyakarsa, ya sami lada, mai aro ya sami abin kai wa iyalinsa, kasuwa kuma ta sami kaya.

Gari ba zai daina girma ba, ba kuwa wanda ke so ya daina. Tambayar ita ce, bayan shekara ashirin, 'ya'yan manoman da ke kewaye da Dutsin-Ma da Kurfi yau, su ne za su riƙa ciyar da garin daga gonakinsu, ko kuwa su ne za su riƙa tsayawa bakin titi da safe da cebur a kafaɗa suna jiran a ɗauke su leburanci a kan ƙasar kakanninsu? Amsar tana hannun wanda dillali zai yi wa sallama bana. Kafin ya ce ya sallama, ya kira 'ya'yansa da 'yan'uwansa mata, ya nemi malamin gona na yankinsu su zaga wurin tare, a ga ko akwai ruwa kusa, a ga abin da ƙasar za ta iya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah Ya ba da zaman lafiya a ƙasa, Ya mai da kowa gonarsa, Ya sa albarka cikin abin da aka shuka.